Gwaggo Atine da Makarantar Hawa na Huɗu

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na unguwar Hayyi Sabi' a Alƙahira ya ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo Atine a hawa na huɗu, ya san abin da ke jiransa: kujerar roba 'yar firit, irin ta 'yan shekara uku. Ita ce kujerar baƙi. Ko kai wane ne, ko da wace irin babbar riga ka shigo, da baki za ta nuna maka ita ta ce, "Bismillah." In ka tsaya waige-waige kana neman babba, sai ta ce, "Babu ita, ɗana. Wanda bai zauna inda yaro ke zama ba, bai san abin da yaro ke gani ba."

Ni ce Rabi, 'yar ƙaninta, matar Auwalu. Da yawanku kun san ni a bakin ƙofar nan ina jera takalman yara. Tun da Allah ya yi mata rasuwa ake ta ce mini in rubuta wani abu a kanta, ni kuwa duk sanda na ɗauki biro sai dariya ta riga hawaye zuwa. To yau dai na daure.

Waɗanda suka zo Alƙahira suka tarar da ita ba su san mafari ba. Gwaggo ba karatu ya kawo ta Masar ba, ciwon gwiwa ne. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare a Malumfashi. Sau uku ana ba ta shugabancin makarantar tana ƙi, wai ita ba za ta bar masu majina ta koma gadin tebur ba. Da ta yi ritaya, ɗanta Yaya Mustapha, wanda ke aikin tafinta a wani kamfani a unguwar Muhandisin, ya ɗauko ta a duba mata ƙafar. Wata biyu aka ce za ta yi.

A cikin wata biyun nan ta zazzaga gidajen ɗalibanmu masu iyali, ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Uba yana jami'a, uwa tana ajin Larabci ko tana kicin, yara kuwa suna can sama a kulle kamar tantabaru, kowa da waya a hannu. Hausar ba ta zauna ba, Larabcin bai zauna ba. Ta tambayi wata yarinya 'yar shekara huɗu sunan babanta, yarinyar ta ce, "Habibi." Abin da take ji uwarta na kiransa ke nan.

Ana saura kwana uku ta koma gida, Yaya Mustapha ya dawo daga aiki ya tarar da kujerun falonsa a baranda. A wurinsu an jera ƙananan kujeru goma sha biyu, waɗanda ta tasa Auwalu gaba har kasuwar Ataba suka sayo.

Ya ce, "Inna, mene ne wannan kuma?"

Ta ce, "Makaranta."

"To gwiwar fa?"

"Gwiwa ta yi sauƙi. Kan yaran nan ne ke ciwo."

Haka wata biyu ya zama shekara bakwai.

Wanda ya fara zuwa da ƙorafi shi ne Ustaz Habibu, kuma na san zai yafe mini, don ya san ba ƙari zan yi ba. A lokacin yana rubuta digirinsa na uku a nahawu, kuma Allah ya hore masa ilimi ya haɗa masa da jiki. Ya shigo yana haki saboda matakala, ya yi sallama ya ce, "Hajiya, labari ya iso mini cewa wasa kawai ake yi a nan. Ni so nake ɗana Abdullahi ya fara haddace littattafai tun yanzu, sai ga shi ya dawo mini da murfin kwalba a aljihu."

Ta ce, "Zauna tukuna, Ustaz."

Ya dubi kujera, ya dubi Gwaggo, ya ga babu alamar sassauci. Ya tattare jallabiya ya zauna, sai da robar ta yi ƙara. Gwaggo ta kira Abdullahi ta zube masa murafen kwalba a gaba. Ta ce ya ware jajaye daga shuɗɗa, ya ba babansa huɗu, ya ba ta uku, sannan ya faɗi nawa suka rage. Yaro ya yi tsaf, bai ko yi gargada ba.

Ta ce, "Ka gani? Wanda ya iya ware ja daga shuɗi yau, shi zai ware maka fa'ili daga maf'uli gobe. Hadda muna yi, kullum da ƙananan surori muke buɗewa. Amma ba a ɗaura wa ɗan maraƙi garma."

Ustaz ya jinjina kai, ya ce ya gamsu. Ya yunƙura zai tashi, sai kujera ta tashi tare da shi. Ya girgiza, ta ƙi. Ya juya, ta bi shi. Ni na faɗa kicin na toshe baki da mayafi. Sai da yara huɗu suka taru suka kama ƙafafun kujerar suna "yalla, yalla" kafin ta sake shi. Gwaggo kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Haka karatun ƙuruciya yake, Ustaz. In ya kama mutum ba ya saki."

Wajen tattali kuwa, ban taɓa ganin irinta ba. Fensir ɗaya gida uku take yanka shi da wuƙar kicin, wai hannun yaro ƙarami ne, me zai yi da dogon fensir in ba tsokane idon ɗan'uwansa ba. Kwalin da mai kanti ya yar, allo ne. Ƙwallon dabino, abin ƙirga ne. Kalandar bara, littafin zane ce. In ka sha lemo a gabanta, idonta na kan murfin har ka gama. Larabcinta kuma, ban da na sallah da na karatun Alƙur'ani, kalma uku ne: da "yalla" take buɗe makaranta, da "khalas" take raba faɗa, da "ma'alish" take share hawaye. Ta ce malamin yara ba ya buƙatar fiye da haka.

Shi ya sa ranar da Ummu Karim ta hawo, ni aka sa tafinta. Ummu Karim ita ce Bamisiriyar da ke zaune a ƙasanmu, a hawa na uku. Ta buga ƙofa kamar za ta ɓalle ta, ta shigo tana faɗa tana nuna sama da ƙasa. Wai tsalle-tsallen yara ya sa fitilar falonta na lilo, kuma in ba a daina ba za ta kira mai gidan ya kore mu.

Gwaggo ta ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Wai tana gaishe ki, ta ce yaran akwai kuzari."

"Ce mata na gode. Amma ta rage murya, tana firgita mini yara. Kuma mace mai jikoki ba ta hawa bene da rigar barci."

Na juya na ce wa Ummu Karim da Larabci, "Ta ce ki yi haƙuri, ki shigo ki sha shayi."

Gwaggo ta harare ni ta ce, "Maganata ta fi haka tsawo. Ba banza aka sa miki Rabi ba, rabin magana kike faɗa."

Ana cikin haka idonta ya faɗa kan wani yaro da ya maƙale a bayan Ummu Karim, ya cusa fuska cikin rigarta. Jikanta ne, ya kusa shekara huɗu amma ba ya magana, sai nuni. Gwaggo ta manta da gwiwa ta durƙusa, ta miƙa masa ƙwallon dabino ɗaya, ta ɓoye ɗaya a tafin hannu ta ce ya nemo. Faɗa ya mutu a nan. Washegari da safe Ummu Karim ta kawo shi da kanta, da 'yar jakarsa.

Bayan wata biyar sai ga ta ta sake hawowa da wani sabon ƙorafin. Yaro dai ya yi baki, har ba ya shiru. Matsalar ita ce da Hausa ya yi. In ta ba shi abinci sai ya ce "ba na so," in ta taɓa shi ya ce "bari mana," duk gidan babu mai gane abin da yake nufi. Wannan karon na fassara duka ban rage ba. Gwaggo ta ce, "Ce mata ma'alish. Buɗe famfo na iya, ban iya rufewa ba." Daga nan suka ƙulla ƙawance. Sai su yi awa biyu a baranda suna hira, wannan da Hausa, waccan da Larabci, kowa na dariya a inda ta ga dama.

Sai kuma ranar taron Muhandisin, wanda na san har yanzu wasunku na ba da labarinsa. Wasu manya ne suka zo daga gida, daga ma'aikatar ilimi ta wata jiha da ba zan kama sunanta ba. Suka kira shugabannin ɗalibai a zauren wani otal don su bayyana shirinsu na gyaran ilimi. Ba wanda ya gayyaci Gwaggo. Ta ci atamfarta ta Sallah, ta yafa babban mayafi, ta ce in zo in raka ta.

Na ce, "Gwaggo, ba a fa kira mu ba."

Ta ce, "Maganar ilimi za a yi ko ta siminti? In ta ilimi ce an kira ni."

Shugaban tawagar mutum ne mai fara'a da iya magana. Ya yi bayanin sabuwar jami'ar da za a gina, da irin ƙofar da za a yi mata, da ƙarin ɗaliban da za a turo ƙasashen waje. Aka yi ta tafi. Da aka zo tambayoyi sai Gwaggo ta ɗaga hannu, ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan, irin na 'yan aji ɗaya. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, jawabi ya yi daɗi. Sai dai na kasa kunne daga farko har ƙarshe, ban ji ka ambaci ɗan shekara huɗu ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai yana cikin tsari. Mataki-mataki ake bi."

"To ai matakin farkon nake tambaya. Su wa suka koyar da kai a jami'a?"

Ya jero mata farfesoshi uku ba ko numfashi.

"Madalla. Wa ya kama hannunka ka rubuta baƙin farko?"

Mutumin nan ya shiga lalubar sunan. Can ya ce, "Malam... Malam Tanko. Allah sarki, Malam Tanko mai keke."

"Yana raye?"

"Wallahi, Hajiya, ban sani ba."

"To ka ga inda ciwon ƙasarmu yake."

Ba ta tsaya nan ba. Ta zaro bayan kalanda daga jaka, ta gyara tabarau ta fara karantowa. A kowace firamare a buɗe ajin share fage na ƙanana, a sa malamin da aka horar don su, ba wanda aka rasa inda za a kai shi ba. A makarantun sakandare, musamman na 'yan mata, a fara da banɗaki da ruwa kafin fenti, don ta ga yara masu ƙwaƙwalwa sun bar karatu saboda abin da kunya ba ta bari su faɗa. A kai malaman lissafi da na kimiyya ƙauye, kada a tara su a birni kamar buhunan kasuwa. Ɗakin gwaje-gwaje kuma a zuba masa kayan aiki. Ta ce, "Na taɓa leƙa wani na tarar akuya ta haihu a ciki. A shekarar nan kaf ita kaɗai ta yi gwaji a ɗakin."

Zaure ya kece da dariya, har da mutanen tawagar. Shugaban ya share ido ya ce, "Za mu duba, Hajiya."

Ta miƙa masa takardar ta ce, "Ba dubawa za ka yi ba, ɗana, karantawa. Da manyan baƙaƙe na rubuta."

Da aka tashi, ina ta jan ta mu fita, ita kuwa tana bin tebura ɗaya bayan ɗaya tana kwashe birurruka da takardun da aka bari tana zubawa a jaka. Na ce, "Gwaggo, ana kallonmu fa." Ta ce, "A kalla. Wannan ne kason 'yan share fage a tsarin bana."

Don in yi wa mutumin adalci, bayan wata guda ya aiko wa Yaya Mustapha saƙo ya ce a gaya wa Hajiya ya nemo Malam Tanko, yana nan da ransa, ya je har gida ya gaishe shi. Sauran abin da ke takardar kuwa, Allah masani.

Ni dai a ranar taron nan tawa ta same ni. Muna cikin motar haya za mu koma Hayyi Sabi', Gwaggo na kallon taga. Can ta ce, "Rabi, na je na gaya wa gwamnati ta gyara sakandare, alhali a gidana akwai wadda ta bar tata a rataye. Da wane bakin na yi magana?"

Gaskiya ta faɗa. Na gama aji shida, amma na faɗi lissafi a jarrabawar fita. Ƙawayena suka wuce, ni kunya ta hana ni sake zama. Na yi aure, na biyo Auwalu Masar, na haifi Ummi, na ce shi ke nan. Duk sanda aka zo cike wata takarda aka tambayi matakin karatu, sai in tsallake layin, amma ban taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Na ce, "Gwaggo, ai lokaci ya wuce. Khalas."

Ta ce, "Khalas ɗin nan tawa ce, ta raba faɗa ce. Ban ara miki ba."

Ita kanta ba ta san lissafin sakandare ba, don haka ta nemo Hadiza, wata 'yar Maraɗi da ke karatun haɗa magunguna, ta riƙa zuwa bayan la'asar. Hadiza na koyarwa da Hausa, in lissafi ya yi zafi ta koma ƙirga da Faransanci a ƙasan maƙoshi. Gwaggo kuma ta ce ba za ta zauna kallo ba, ita ma ɗaliba ce. Ta yi kwana uku tana sauraro, a na huɗu ta ajiye fensir ta ce, "Hadiza, wai wannan x ɗin da kullum ake nema, shi ba shi da gidan uba ne? Jiya mun same shi, bakwai ne. Yau kuma ya sake ɓata?" Da aka yi mana gwaji na ci takwas bisa goma, ita ta ci biyu. Ta bi Hadiza har bakin matakala tana cewa a ƙara mata ɗaya na kyan rubutu.

Da lokacin jarrabawa ya matso, sai an koma gida za a rubuta ta, kuma kusan wata biyu za a yi a can. Nan Auwalu ya fara jan ƙafa. Gwaggo ta aika a kira shi, ya zo ya durƙusa.

Ya ce, "Gwaggo, ni ba hana ta nake yi ba. A dai bari in gama rubuta risalata ta digiri tukuna."

"Malam Auwalu, risalar nan shekara nawa ana gama ta?"

"Uku, Gwaggo."

"Takardarta shekara tara tana jira. Wa ya riga wani a layi?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To Ummi fa? Ga kuma girki."

"Ummi tawa ce. Girki kuwa, ga mai wake nan a bakin titi kullum safe. Duk Misirawan nan da shi suka girma, ka ga wanda ya faɗi?"

Ya yi dariya ya ce ya sallama. Shi ya kai ni filin jirgi, kuma har na dawo bai yi ƙorafi ba, sai dai ya rantse shi da wake sai a lahira. Ranar da zan tafi Gwaggo ta damƙa mini wani abu a naɗe cikin hankici, ta ce kada in buɗe sai a ɗakin jarrabawa. Na zauna cikin yara sa'o'in ƙannena, na warware. Fensir ne sabo, dogo, ba a yanka ba.

Sakamako bai fito ba sai da ta kwanta a asibiti. Ba gwiwar ba ce, zuciya ce, ashe ta daɗe tana ɓoye mana. Da hantsi na shiga ɗakin da waya a hannu, Yaya Mustapha na zaune a gefenta. Ta rame, muryar ta yi ƙasa, amma idon nan na nan yadda kuka san shi.

Na ce, "Gwaggo, jarrabawa ta fito."

Ba ta tambayi komai ba sai, "Lissafi?"

"Na ci, Gwaggo. Kiredit."

Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da kin rage surutu da kin fi haka." Sai ta juya fuska wajen bango ta ja gefen mayafi tana goge ido, wai sanyin na'urar ɗakin ne ke sa mata ruwan ido. Ba wanda ya ƙaryata ta. Da na tashi zan fita ta riƙo yatsuna ta ce, "Saura kwalejin horon malamai. Ki karanci na ƙanana. Manya sun sami masu yi musu."

Na ce, "In sha Allahu, Gwaggo."

Ta ce, "In sha Allahun gaske, ba ta 'yan taro ba."

Kwana huɗu bayan nan ta cika, da rana tsaka, kalmar shahada a bakinta. A nan Alƙahira aka binne ta, kamar yadda ta yi wasiyya. Na cika alkawari, na yi rajista, yanzu ina shekarar farko. Sau da yawa in malami ya faɗi wani abu a aji sai in ji ina son in ruga in gaya mata, don in ji ta ce ita ta san wannan tun kafin a haifi malamin.

Ya Allah, ga baiwarka Atine nan ta zo gare ka. Ta yi haƙuri da 'ya'yan mutane, ta share majina da hawayen da ba nata ba, ba ta taɓa cewa wani yaro daƙiƙi ne ba. Ka yi mata sassauci fiye da yadda ta yi musu. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa kowane baƙi da wani ya rubuta ta dalilinta ya zame mata sadaka mai gudana. Mu kuma da ta bari, ka ba mu ko rabin zuciyarta. Amin.